Ɗigon Lauratu

Shekara da shekaru ina sayar da abinci a bakin tashar Sule Tankarkar, shinkafa da wake da safe, tuwo in rana ta yi, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencina ya san bakina ba ya shiru. Sunana Halimatussa'adiya, amma Yaya Sadiya kowa ke cewa, har waɗanda suka girme ni. Dab da rumfata akwai wata darbejiya, a gindinta motar kamfanin Kawo Ɗauki take wuni. Farar mota ce mai gado a ciki. Aikin kamfanin shi ne miji ya yi wa matarsa mai ciki rajista, ranar da naƙuda ta zo da gardama a buga waya, mota ta je ta kai ta asibiti. Haladu ne direban, mutum mai ci kamar gara, amma wallahi ko loma ce a hannunsa aka kira shi sai ya ajiye ta ya tashi.

Motoci uku kamfanin yake da su: ɗaya a Gumel, ɗaya a Maigatari, sai tamu. Mutanen Gagarawa kuwa sai dai wadda ta samu sarari ta je musu, kullum suna ƙorafi.

Ƙanwata Lauratu, autar Innarmu, a Gumel take aure. Mijinta Abdulfatah a kamfanin yake aiki. Ba tuƙi yake yi ba, ba allura ba. Shi aikinsa ya zauna gaban kwamfuta ya tattara bayanai: wa ya kira, daga ina, mota ta sha mai nawa, ta daɗe ko ba ta daɗe ba, sannan ya gaya wa mai kamfanin, Alhaji Dalhatu, abin da ya dace a yi. Na sha tsokanarsa cewa shi kaɗai na sani da ake biya don ya kalli telebijin. Sai dai ya sunkuyar da kai ya yi murmushi, don ni yayar matarsa ce, bai taɓa haɗa ido da ni ba. Yaro ne mai ladabi. Wannan ko yanzu da raina yake a ɓace ba zan hana shi ba.

Ana cikin bazara Haladu ya zo mini da labarin za a ɗauke motar a mayar da ita Maigatari. Na ce ƙarya yake. Da na tabbatar gaskiya ne, ranar da na shiga Gumel sayen manja ban zarce ko'ina ba sai ofishinsu. Abdulfatah ya ba ni kujera, ya aika aka kawo lemo, na ce ya riƙe lemonsa, ya gaya mini laifin da muka yi musu.

Ya juyo mini da kwamfutar. Taswira ce, ga Gumel, ga Maigatari can bakin iyaka, ga Gagarawa, ga mu. An yayyafa mata ɗige-ɗige kore kamar an watsa gero. Ya ce kowane ɗigo mace ce mai ciki da aka yi wa rajista, an sa ta daidai gidan mijinta. Gumel ta yi kore shar, Maigatari ma haka, don tun da aka buɗe wurin cinikin nan na bakin iyaka samari suka cika garin, kowa ya yi aure ya kama haya. Wajenmu kuwa ɗai-ɗai, kamar haƙoran tsohuwa. Ya ce kamfani ba zai iya sayen wata mota ba, dole a kai wadda ake da ita inda mata suka fi yawa, kuma in an yi haka mafi yawansu mota za ta riske su da wuri fiye da da.

Na ce to mu ɗai-ɗai ɗin ba mutane ba ne? Ya ce mutane ne, motar Gumel za ta riƙa zuwa mana. Ya yi ta bayani a hankali, ba ɗaga murya, kuma gaskiya ban samu inda zan kama shi ba. Abin da ya nuna mini a fili yake, ko makaho ya shafa ya ji.

Don in huce sai na ce ya nuna mini unguwarsu. Ya matso da taswirar, ya kai yatsa, sai kuma ya janye da sauri kamar ya taɓa garwashi. Ashe akwai ɗigo kore a kan gidansa. Na dube shi, ya dubi ƙasa, kunnuwansa har rawa suke yi. Haka na samu labarin cikin Lauratu, don ita ja'irar ko da wasa ba ta faɗa mini ba. Na fito ina dariya, na manta da faɗan da na zo yi. Sati bai zagayo ba gindin darbejiya ya zama wurin kwanciyar awaki.

Da cikin ya shiga wata bakwai aka yi abin da aka saba. Cikin fari ba a haife shi a ɗakin miji, gida ake tafiya goyon ciki, a haihu a gaban uwa, a yi wankan jego, sannan a koma. Haka aka yi mini, haka aka yi wa Innarmu, haka aka yi wa uwar Abdulfatah ɗin kansa. Shi ya ɗauko shatar mota ya kawo ta Garin Ɗalha, ƙauyenmu, can bayan Sule Tankarkar inda hanya ba ta da kwalta sai yashi. Ya durƙusa a zaure ya gaida Inna, ya ajiye goro da buhun shinkafa, bai ce uffan kan abin da ya kawo su ba, don suruki ba ya ambaton ciki a gaban surukarsa. Da zai tafi ya ja ni gefe ya ce in an ga wani abu a kira lambar kamfani kawai.

Lauratu ta yi ƙiba, ta yi kyau, ta addabe mu da kwaɗayin ɗanwake. Kullum da la'asar in na dawo daga tasha sai na tarar da ita a kan tabarma tana ɗinka 'yan riguna, tana cewa in mace ce ni za ta ba wa, ta ga yadda zan yi da mai bakin da ya fi nawa.

Naƙuda ta zo mata kafin lokaci, da hantsi, ranar Alhamis, bayan an kwana ana ruwa. Duk wanda ya san ƙasar nan ya san Alhamis kasuwar Maigatari ce: ba ɗan acaɓa, ba motar haya, duk namiji mai ƙafa ya tafi. Aka aiko mini na rufe tukwane na taho. Kafin in iso har ta sauka a hannun ungozoma, 'ya mace, ƙarama amma da kuka kamar ta shekara. Muka yi hamdala. Inna har ta ɗora ruwan zafi.

Sai jini ya ƙi tsayawa.

Ungozoma ta yi iya yinta, ta dube ni, na gane. Na buga lambar kamfani. Yarinyar da ta ɗauka ta tambayi suna, na faɗa, ta ce to ga shi ta gani, Gumel ko, yanzu mota za ta zo. Na ce ba Gumel ba, Garin Ɗalha, ta zo goyon ciki. Ta ce motar Gumel ta ɗauki wata zuwa babban asibiti a wani gari, amma za ta turo ta Maigatari. Na kira Abdulfatah, na kira Haladu. Haladu ya ce ga shi a mota, amma manyan motocin shanu sun toshe hanyar fita daga Maigatari, gaba da baya. Ina jin ƙarar jiniyarsa ta waya, ina jin yana zagin wani, shi da ban taɓa jin ya zagi kowa ba.

Ba mu zauna jira ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya ɗaura wa bijimansa amalanke, muka shimfiɗa katifa, na hau na ɗora kanta a cinyata. Bijimi ba ya sauri don kana kuka. Ƙafafun amalanken suna nutsewa cikin jiƙaƙƙen yashi, tsohon yana duka yana salati, ni kuwa ina ta yi mata surutu don kada ta yi barci. Na yi mata zancen ɗanwake, na yi mata zancen suna, har faɗa na yi mata na ce ta buɗe ido ta daina yi mini iskanci.

Ta buɗe ta ce, "Yaya, ƙafafuna sanyi."

Na cire mayafina na rufa mata. Da muka hango darbejiyar nan ta bakin tasha, wallahi sai da zuciyata ta ce ga mota can, don idona ya saba ganinta. Awaki ne a kwance. A nan na ji hannunta ya saki nawa. Haladu ya iso ba da jimawa ba, motar duk taɓo, ya buɗe ƙofar baya ya jawo gado, sannan ya dubi fuskata ya mayar da gadon a hankali. Abdulfatah kuma a kan babur ɗin aro ya zo, ko takalmi babu.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare. Malamai sun faɗa mini, Inna ma da bakinta ta faɗa mini, kuma na yi imani. Amma ni mutum ce. Ranar zaman makoki da Abdulfatah ya durƙusa zai gaishe ni tashi na yi na shige ɗaki. Ranar suna ba a yi taro ba, aka raɗa wa yarinya sunan uwarta, muna kiranta Ummi, ni na goya ta kamar yadda aka yi mini alkawari.

Bayan 'yan makonni na koma tasha, don baƙin ciki ba ya dafa tuwo. Ran nan da rana sai ga shi da jakar kwamfutarsa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya zauna a ƙarshen benci. Ban ce ya tashi ba, ban kuma ba shi ruwa ba. Ya buɗe ya juyo mini da ita kamar wancan karon, na ce ya kawar mini da wannan abar daga gabana. Ya ce don Allah in duba sau ɗaya.

Taswirar nan ce dai, amma ɗige-ɗigen ja ne, kuma sun watsu cikin ƙauyuka, wajenmu da wajen Gagarawa sun fi ko'ina. Ya ce wancan karon ya jera mata ne bisa gidajen mazajensu. Wannan kuwa ya bi tafiye-tafiyen direbobi tun farkon kamfani, ya sa kowace mace a inda mota ta je ta ɗauko ta a zahiri. Masu cikin fari, waɗanda haihuwa ta fi ba wahala, kusan dukansu ba a gidan miji aka ɗauko su ba.

"Yaya, amsar tana ciki tun ranar da kika zo ofis," ya ce. "Ban tambaya ba ne. Ni da na kawo ta da hannuna."

Ya ce ya nuna wa Alhaji Dalhatu, mota za ta dawo gindin darbejiya ranar Asabar, kuma daga yanzu duk wadda za a yi wa rajista sai wata ma'aikaciya mace ta keɓe da ita ta tambaye ta gidan da za ta haihu. Na ce Allah ya amfana wa 'ya'yan wasu. Da zafi na faɗa, kuma ya ji zafin.

Muna nan zaune wayar Lauratu ta yi ƙara a cikin lalitata. Ni nake riƙe da ita saboda hotunanta. Na ɗauka na danna, sai muryar nan ta kamfani da aka naɗa, wadda ake kiran mata da ita don ba kowa ke karatu ba, ta fito tar kowa yana ji.

"Salamu alaikum, Malama Lauratu. Kamfanin Kawo Ɗauki yana tuna miki watan haihuwarki ya kama. Ki kwantar da hankalinki, motarmu tana kusa da gidanki."

Na dubi kwamfutar. Ya riga ya mayar da tsohuwar taswirar, kuma ga shi nan a kan gidansa na Gumel, kore shar, ɗigo ɗaya.

"Ni ya kamata in goge," ya ce. "Kullum sai in buɗe, in kasa."

Ya kifa kansa a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa, babban mutum a bakin tasha, mutane suna wucewa suna kallo. Ummi ta farka a bayana ta soma kuka. Na kwance goyon, na ce ya rufe wannan abar ya miƙo hannu, don tun da aka haife ta bai yarda ya ɗauke ta ba.