Allura a Fuskar Zanetta

Ƙanena Bortolo ko albasa bai iya sayowa a kasuwar Rialto ba, amma ba shi alƙalami da tawada ka sha kallo. Zai ja layi, ya tsarma tawadar da ruwa ya shafa inuwa, inda haske yake ya bar takarda fara. Haka ya zana 'yarsa Zanetta tana ɓare wake, kafin annoba ta ɗauke ta.

Zanen nan kaɗai ya rage wa uwarta, Orsola. Ga garinmu kan ruwa yake, danshi ya fara cin gefen takardar.

Da Fada, limamin cocin unguwarmu, ya ba Bortolo aikin zana mala'ika a cocin, sai ya ce fuskar Zanetta zai sa. Ya yi ta kwaikwayon zanen, kullum 'yar wasu ke fitowa. Hanya ɗaya ta rage, wadda masu zane suka saba: a bi layin da allura a huhhuda, a ɗora a kan allo, a buga garin gawayi ya ratsa hujojin, siffar ta fito a allon.

"Ka huda fuskar 'yata?" in ji Orsola. "Sai dai ka fara da tawa!"

"Haba Orsola, takardar nan mutuwa take yi."

Na tsoma baki na ce, "Kai dai ba ka da ta ido. Ƙyale baiwar Allah da abinta."

"Yaya, kullum ke ce lauyarta." Ya ɗauki allurar, hannunsa na rawa kamar mai zazzaɓi. Wallahi tausayinsu ya kama ni, na rasa bayan wa zan bi.

Orsola ta daɗe tana duban inda danshi ya kai. Ya ci kwanon waken, ya taɓo yatsun yarinyar. Sai ta miƙa hannu.

"Kawo nan. Wannan hannun naka sai ka tsone mata ido."

Ta zauna bakin taga, ta shimfiɗa takardar a cinya, ta fara daga kunne.

"Ni na huda mata kunnen nan," ta ce, "ko uffan ba ta ce ba." Ta sunkuya dab da takardar. "Yi haƙuri, uwata. Yanzu za a gama."