Ɗurar da Aka Yi wa Jan Sa

Jummai ma'aikaciyar lafiyar dabbobi ce, tana zaune a Kara-Kara cikin Zinder, amma rabin makonta a ƙauyuka yake ƙarewa. A watan tara ta shiga wani karatu na kyauta da ake yi ta intanet domin masu irin aikinta: darasi goma sha biyu, kowanne bai wuce minti ashirin ba. Ta kalli bakwai. Na takwas ta sauke shi a salularta a biro, wato ofis, inda rezon waya ke da ƙarfi, sai aka fara allurar rigakafin awaki da tumaki. Mako uku darasin yana cikin jakarta, ba ta buɗe ba.

Ranar wata Litinin tana Gidimuni wajen allurar, wani manomi mai suna Ɗan Azumi ya ratsa layi ya zo gabanta. Jan sansa ya kwance ya shiga gyauron dawa, cikinsa ya kumbura. Shi kaɗai ne san da yake da shi. Da shi yake huɗa, da shi yake kai kayan lambu bakin hanya.

Ta bi shi gida, ta sami san tsaye, ƙafafu a ware, gefen hagu ya tashi kamar ganga. Ta ce a kawo man gyaɗa. Rahina, matar Ɗan Azumi, ta juyo wanda take suya da shi cikin kwalba.

"Baba, kama ƙahon, ka ɗaga kan sama sosai," in ji Jummai.

Ta jawo harshen waje da hannun hagu, ta kafa kwalbar da na dama. Haka Malam Yusufu ya koya mata, tsohon ma'aikacin da ta gada, wanda ya yi shekara talatin yana yi wa shanun yankin ɗura. San ya yi tari sau uku, mai ya fito ta hancinsa. Ta dakata, ta ƙarasa. Kafin awa guda ya fara gyatsa, cikin ya sauka.

"Malama, hannunki da albarka," in ji Rahina. "Amma kin bar mu ba ƙosai gobe."

"Inna, ki aika wa san ya biya ki," ta ce. Suka yi dariya.

Ranar Alhamis da safe motar rigakafi ta makara. Jummai na zaune a biro, ta buɗe darasi na takwas. Kan ɗura yake. A minti na shida, likitar da ke bayani da Faransanci ta nuna zanen maƙogwaron sa. Ta ce kada a ja harshe, domin dabbar da aka riƙe wa harshe ba ta iya haɗiya. Kada a ɗaga kai ya wuce kima. Idan ta yi tari, a tsaya. Ta ce mai ya fi ruwa haɗari in ya faɗa huhu, kuma alamun sukan bayyana bayan kwana biyu ko uku, lokacin da kowa ya ɗauka an warke.

Jummai ta mayar da bidiyon baya, ta sake saurare. Sannan ta kira Ɗan Azumi.

"Cikin lafiya lau," ya ce. "Sai dai tun jiya ya ƙi harawa. Numfashinsa kuma yana wari."

Ba ta jira motar ba. Ta ɗauki maganin allura, ta hau moto, wato babur. Kilomita kusan saba'in ne, ta isa rana tsaka.

San yana kwance ƙarƙashin rumfa, ya miƙe wuya, baki buɗe. Ma'aunin zafi ya nuna arba'in da ɗaya da ɗigo biyar. Ta saurari ƙirjinsa gefe biyu. A ƙasan huhun dama ba ta ji shigar iska ba sam. Sallau mahauci yana tsugune bakin danga, wuƙarsa naɗe cikin tsumma. Maƙwabta ne suka kira shi, domin in san ya mutu da kansa ya zama mushe.

Ɗan Azumi ya san ƙa'idar, ta sha faɗa musu: dabbar da aka yi wa wannan allura ba a cin namanta sai bayan makonni. In ta yi allurar ya mutu, an rasa sa, an rasa nama.

"Malama, kada ki duba fuskata," ya ce. "Zai tashi?"

Sirinjin yana hannunta, ta riga ta zuƙo maganin. Ta so ta ce a gwada. Ta sake kallon yadda haƙarƙarin ke ɗagawa.

"Ba zai tashi ba, Baba."

Ya shafa goshin san sau ɗaya, ya yi wa Sallau alama da kai. Rahina ta shige ɗaki.

Duba nama aikinta ne, don haka ta tsaya har aka feɗe shi. Da Sallau ya fito da huhun, ɓangaren dama ya yi baƙi-baƙi, ya yi nauyi. Ta tsaga shi. Yatsunta suka yi maiƙo.

"Baba, zo ka gani," ta ce. Ya matso. "Ba gyauron ne ya kashe shi ba. Man da na ɗura masa ne ya bi hanyar numfashi. Bai kamata in ja harshensa ba. Da ya yi tari, ya kamata in tsaya."

"Ai haka Malam Yusufu ke yi."

"Haka ya koya mini. Kuskure ne. An yi bayaninsa a karatun da nake yi, yana cikin salulata tun kafin in zo nan. Yau da safe na kalla."

Sallau ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da fiɗa. Ɗan Azumi ya daɗe yana kallon huhun.

"Ni na ɗaga kan," ya ce. "Yana ta ƙoƙarin saukewa, ina danne ƙahon. Na ɗauka taurin kai ne."

"Ni na ce ka ɗaga."

Ta ce huhun da hanta ba za su ciyu ba, sai a binne su nesa da karnuka. Ta zuba su cikin buhu, ta ɗauki fartanyar da ke jingine da rumbu, ta zagaya bayan gida. Ƙasar ta bushe, tana sara tana zamewa. Ta yi sara kamar goma sai ta ji takunsa a bayanta.

"Kawo, Malama," ya ce. "Ba haka ake riƙewa ba."

Ta miƙa masa. Ya haƙa ramin har gwiwa, ita tana tsaye riƙe da buhun.