Ranar da Habi Ta Taka Makaranta

A lokacin da nake ba da labarinsa, bindiga a wajenmu kayan noma ce. Tana rataye a zaure kusa da lauje da fartanya, ba mai kallonta sau biyu. Tun da aka gama dam ɗin Goronyo ruwa ya zauna a fadama har cikin rani, shinkafa ta samu wuri, jan-baki kuma suka ji labari suka taho da danginsu kaf. Tsuntsun nan ba ya jin tsawa, sai ƙara. Saboda haka da shinkafa ta fara nuna, duk mai bindigar toka sai ya ɗura mata albarushi zalla ya yi ta bugawa sama, safe da la'asar. Makarantarmu ta jeka-ka-dawo tana wani ƙauye gefen Wurno, katangarta ce iyakar gonaki. Muna cikin darasi za a ji dum a bayan taga, ko alli ba ya girgiza a hannunmu.

Ni Siddiƙu, mutumin Rabah, ni ne malamin aji biyar. Ina kuma da filin shinkafa, kamar kowane malami mai hankali, don albashi dai sunansa albashi.

A ajina akwai Jelani, dogo, mara yawan magana, shekarunsa sha bakwai. Ubansa ya rasu ya bar musu fili ɗaya da bindiga ɗaya, kuma shi ne babba. Lokacin tsuntsu kullum a makare yake zuwa, ƙafa duk taɓo. Malam Isa, malamin horo, mutum ne da ya yi imani babu ciwon da bulala ba ta warkarwa. Da bulala ta gaza sai ya ƙara magani: ya yanke wa Jelani yankan ciyawa bayan an tashi, har magariba, kwana uku a jere.

Daga filin ƙwallo, inda yake yankan ciyawar, ana hango gonar su Jelani. Ranar farko da la'asar ya ga jan-baki sun sauka a kanta baƙi ƙirin. Ya roƙi Malam Isa, har ya durƙusa. Malam Isa ya ce ilimi ya fi shinkafa. A rana ta uku babu abin da ya rage a gonar sai kara. Ɗalibai kuwa, da yake Allah ya yi su da tausayi, suka sa masa suna Sarkin Sadaka, mai ciyar da tsuntsu kyauta.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani, kuma kowa ya yaba. Jelani ya daina makara, Malam Isa ya ce ga amfanin horo nan. Ya daina magana gaba ɗaya, malamin addini ya ce yaro ya natsu. Ya rarraba wa 'yan aji littattafansa, aka ce hannunsa a sake yake kamar na marigayi ubansa. Ni kuma da na yi musu gwaji, takardarsa babu amsa ko ɗaya, sai sunan Malam Isa an rubuta shi daga sama har ƙasa, an danna biro har takardar ta huje. Na ba shi sifili, na rubuta masa ya ƙara ƙoƙari.

Ranar Alhamis, saura kaɗan a tashi, aka ce wata mata tana nemana. Na fito na tarar da ita a gindin dalbejiya, ta ja mayafi har goshi. Habi ce, mahaifiyar Jelani, 'yar Dinawa da aure ya kawo garin. Na yi mamaki ƙwarai. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. In ya faɗi a gabanta ma wata ce za ta ɗaga shi. Habi kuwa a wannan fanni har misali ake yi da ita. An ce ranar da aka yi wa Jelani kaciya gidan maƙwabta ta tafi surfe.

Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ta tambayi iyali, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi. Sannan ta dubi ƙasa.

"Malam, wanga da ka wurinku," in ji ta, "na gidanmu."

"Na gane, Inna."

"Shinkahwa ta ƙare. Amma ana ta sayen albarushi."

"To, ƙila wani shika taya tsaro."

"Ba a zuwa gona, Malam." Ta murza bakin mayafi. "Jiya nig ga ana hwasa boris na keke, ana tara ƙwayayen cikin gwangwani. Tsuntsu dai ƙara aka yi mai. Ban san mi aka yi da ƙarhe ba."

Zan faɗi gaskiya, tunda don ita na zauna rubutun nan. Na fahimci maganar. Ba a duhu ta bar ni ba. Amma rabin hankalina yana sha'awar yadda matar nan ta yi magana mai tsawo haka ba ta kama suna ba, har ina shirya yadda zan ba matata labari. Ɗaya rabin kuma yana kan agogo. Ranar ce layin gonakinmu yake da ruwa, ƙarfe biyu ake buɗe ƙofar kwata, wanda bai je ba sai wani mako, shinkafata kuma ta fara ɗaukar ciki.

"Kada ki damu, Inna," na ce. "Yara na, sai haƙuri. Za mu duba, in sha Allahu."

Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya. Ta ce Allah shi saka, ta juya. Ni kuma na hau keke. Ruwa ya shiga gonata sosai ranar, ban taɓa samun irinsa ba. Juma'a rabin yini ce, na ce sai Litinin in kira yaron in ji.

Litinin da safe muna tsaye a taron asambuli. Malam Isa yana gaba da jerin sunayen masu laifi, ina gefensa, wata 'yar aji biyu, Sa'adiyya, tana kusa da mu riƙe da igiyar tuta, don makonta ne na ɗagawa. Jelani ya shigo ta ɓarakar katanga da bindiga a kafaɗa. Mutum ɗari uku suka gan shi, ba wanda ya ce uffan. Lokacin tsuntsu ne, yaro da bindiga ba labari ba ne.

Da ƙarar ta tashi ba wanda ya gudu. Wasu ma waiwayawa suka yi wajen gonaki. Sai da hayaƙi ya washe aka ga mutum uku a ƙasa.

Malam Isa ya rasa ido ɗaya. Ni an ciro mini ƙwayar ƙarfe huɗu a hannun dama. Sa'adiyya, wadda ba ta taɓa ce wa Jelani ko sannu ba, ba ta kai asibitin Wurno ba. Shi kuwa ya ajiye bindigar ya zauna a gindin tuta har 'yan sanda suka zo suka tafi da shi Sakkwato.

Hannun nan nawa, fuskata na kare da shi. Ko akuya ta san ta kauce. Amma kafin a sallame ni daga asibiti labari ya riga ni isa gari: wai Malam Siddiƙu ya yi tsalle ya tare yara da jikinsa. Na ce ba haka aka yi ba, aka ce ga tawali'u. Na sake faɗa sau ɗaya, a hankali. Daga nan na bari, don akwai daɗi, ba zan ɓoye ba. Har kaji aka riƙa kawo mini.

Da aka sake buɗe makaranta sai muka ga abin da ya same mu. Tsuntsu bai tafi ba, manoma ba su daina harbi ba. Da an ji dum sai aji ya watse, manyan samari a ƙarƙashin benci, wasu ta taga. Uwaliya, ƙawar Sa'adiyya da ke tsaye bayanta a layi, ta zo kwana biyu, a na uku ta yi fitsari a zaune da aka buga wata kusa da katanga, ba ta ƙara dawowa ba. Aka daina asambuli. Tuta ta zauna a ofis, don babu yaron da zai taɓa igiyar. Ni kaina sai in tsinci allina a ƙasa ban san lokacin da na sake shi ba.

Gari kuwa yana neman wanda zai ɗora wa laifi. Malam Isa ya riga ya biya da ido, ba a taɓa shi. Jelani yana hannun hukuma. Saura Habi. Ita ke ɗaki ɗaya da gwangwanin, in ji matan gari, ta gani ta yi shiru. Aka daina amsa mata sallama a bakin rijiya. Duk wanda ya zo duba ni sai ya zage ta kafin ya tashi, ni kuma ina gyara zaman hannuna ina cewa Allah ya kyauta. Na ji kunyar kaina a kwanakin nan fiye da yadda na ji zafin ƙarfen.

Bayan sadakar arba'in ta Sa'adiyya aka kira taron iyaye da malamai. Alhaji Maccido ne shugaba, kuma shi ne shugaban manoman layinmu, mai raba filaye. Magana biyu ce a gabansa. Ta farko, a ba ni babbar riga da takardar yabo. Ta biyu, a karɓe filin marigayi daga hannun Habi a ba baffan yaran, ita kuma ta koma Dinawa, don iyayen Sa'adiyya ba za su iya haɗa hanya da ita ba.

Aka sa mini riga, aka yi kabbara. Da aka zo magana ta biyu na miƙe.

"Ranka shi daɗe, akwai abin da ban hwaɗi ba. Matag ga ba ta yi shiru ba. Ta zaka makaranta ran Alhamis, kwana huɗu kahin abin ga. Ta gaya min albarushi, ta gaya min ƙarhe. Ni na nib bar ta tsaye nit tahi ban-ruwa. In akwai mai laihi, ga shi cikin riga."

Na ji wani sauƙi ya sauko mini, har na fara jin kaina jarumin gaske.

Alhaji Maccido ya gyara hula, ya juya ɓangaren mata. "Habi, kin jiya. Gaskiya ta? Ke kit taka har makaranta kan maganar yaron ga?"

Tana can baya, ita kaɗai a tabarma. Surukanta suna wurin, da matan gari, da maza fiye da ɗari. Sai a lokacin na gane tambayar da na jawo mata: ta tashi a gaban duniya ta ce ta bi ɗan farinta har wurin maza tana roƙo a kansa.

Ba ta ɗago ba. "Ni ba ni da ɗa makaranta, Alhaji," in ji ta. "Ɗan baffansa na. Mi za ya kai ni?"

Sai na ji tsofaffin mata suna gyaɗa kai suna guna-guni. Karo na farko cikin kwana arba'in aka yabe ta: duk da abin da ya faru, in ji su, Habi dai akwai kunya. Alhaji Maccido ya dube ni idonsa ya kawo ruwa.

"Jama'a, kun ga mutum," ya ce. "Ya ba da hannunai, yanzu kuma shina son shi ba da mutuncinai don shi ruhe ma wata asiri. Malam, zamna. Allah shi yi ma albarka."

Na ce wallahi, na ce tallahi. Kabbara ta danne ni. Aka karɓe filin.

Ranar da za ta tafi na same ta a tasha, tana zaune a bayan akori-kura tsakanin buhunan albasa, da ƙullin kayanta da ƙananan yaranta biyu. Raina a ɓace yake, don na saba a gode mini.

"Inna, don mi kika ƙaryata ni? Da kin ce i, da hilinku na nan."

Ta dubi hanya. Da ta yi magana, babu faɗa a muryarta, kuma wannan ya fi mini ciwo.

"Malam, tun da anka haihe shi ban taɓa buɗe baki kan maganatai ba. Sau guda nic cire kunya, niɗ ɗauko ta nik kawo ma har gindin icce. Ka ga abin da kay yi da ita. Shi na kaka son in ƙara cirewa gaban mutum ɗari?"

Direba ya buga mota. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ta ce amin.

Mako biyu bayan haka takarda ta zo daga Sakkwato. An ce kowace makaranta ta naɗa malami guda da ɗalibai da iyaye za su riƙa kai wa damuwarsu, don a gane matsala tun ba ta girma ba. Ba a ko yi muhawara ba, ni aka naɗa. Shekara goma sha ɗaya na riƙe muƙamin.