Lagireton Tirela a Ɗakin Madara

Injin sanyaya madararmu ya mutu da hantsi, ina kasuwa sayen robobi. Da na dawo na tarar da Kawu, yayan mahaifiyata kuma mai kamfanin, tsugune a tsakar ɗakin aiki shi da Mai Walda. Sun sa wani baƙin abu a gaba suna shafawa kamar sun sayo rago.

Lagireton tirela ne, wanda ke sanyaya ruwan injinta.

Aikinmu bai da wuyar fahimta. Mu dafa madara, mu sanyaya ta da sauri kafin ta lalace, mu ɗura a robobi mu kai makarantun ƙananan yara. Dabarar Mai Walda ita ce a nutsa lagireton cikin tankin ruwan ƙanƙara, a tura madara mai zafi ta bi cikinsa, ta fito da sanyi ta ɗaya bakin.

"Injiniya, zo ki ga ilimin da ba a koyarwa a aji," in ji Kawu. Tun da na gama kwalejin fasaha yake kirana haka, kuma ba don yabo ba.

Na durƙusa na leƙa bakin lagireton. Na kankare wani farin liƙi da farce.

"Kawu, da dalma aka liƙe wannan. Madara mai zafi za ta riƙa lasarta, yara su sha."

"An wanke shi fa," in ji Mai Walda. "Har da sabulu mai ƙamshi."

"Dalmar ba datti ba ce, Malam, jikinsa ce. Kuma waɗannan 'yan hanyoyin da ko tsinke ba ya shiga, wa zai wanke madarar da ta kwana a ciki?"

Mai Walda ya dubi Kawu ya yi dariya. "To a kawo bututun jan ƙarfe. Ko a littafinku ai shi ya fi jan zafi."

"Shi ya fi. In ruwan wanka za mu ɗumama, shi zan zaɓa da gudu. Amma da madara ta ɗan yi tsami sai ya yi kore, ya ba ta ɗanɗanon tsohon kwabo."

"Alminiyam?"

"Sodar da muke wanki da ita za ta cinye shi."

"Baƙin ƙarfe kuma za ki ce tsatsa," in ji Kawu. "Kowane ƙarfe da laifinsa a wurinki. Haka kike yi wa samari."

"Silba nake so, irin na cokali, wanda ba ya tsatsa. Ba ya jan zafi da sauri, sai mu ƙara masa tsawo, mu sa mai siririn jiki. Sai dai a yo odarsa. Kafin ya iso mu sanyaya a tukwane cikin ƙanƙara, da hannu."

"Da hannu." Kawu ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Rabin madarar ma ba za mu iya ba. Makarantun su koma wa wani? Kin san kamfanoni nawa ke aiki da irin wannan? Wa kika ji ya mutu?"

Wannan tambayar ce ke tafasa mini jini. Wa ya mutu. Kamar in ba a ɗauki gawa ba, ba a yi ɓarna ba. Dalma ba ta kayar da yaro a bakin ƙofa. A hankali take bi, yaro ya taso ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi, wanda ya shayar da shi kuwa yana sahun gaba a masallaci. Na faɗa wa Kawu haka, ban rage ko kalma ba.

Sai ya ce, "Allah zai kiyaye. Malam, haɗa mana tiyo."

Akwatin Mai Walda na buɗe kusa da ƙafata. Na zari sukudireba da guduma, na dafe lagireton da gwiwa, na fara huda shi. Jikinsa laushi gare shi, kamar gwangwanin madara. Ban tsaya ba sai da hasken taga ya riƙa ratsa shi ta ko'ina.

Mai Walda ya ja da baya yana salati ƙasa-ƙasa. Kawu bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Shi ya goya ni ina ƙarama, shi ya raka ni kwaleji da akwatina a kansa.

"Ba ni makullan kamfanin," ya ce.

Na ciro su na sa masa a tafin hannu.

"Lagireto bai ƙare a duniya ba," ya ce. "Gobe za a kawo wani."

"In an kawo, Kawu, zan bi makarantun ɗaya bayan ɗaya in gaya wa shugabanninsu abin da ke cikin robar."

"Ni za ki tona wa asiri? Ke?"

"Ba ka riga ka yi abin da za a tona ba."

Ya nuna mini ƙofa, na fita.

Ba a kawo wani lagireton ba. Ni ma ba a mayar da ni aiki ba. Makarantu biyu sun koma wa wani kamfani, kuma Kawu ya tabbatar duk dangi sun san wadda ta jawo. Mahaifiyata ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa, na ce ya yafe mini ɗaga murya da na yi a gaban baƙo.

"Hudawar fa?" ya tambaya.

"Ita kam, Kawu, ko gobe sai in sake."