Jan Tambari a Kusurwa

Kwana uku hoton wani dattijo yana yawo a Fesbuk, wai ɓarawon yara ne, a buhu yake zuba su. Dilruba ta bi diddigi, don aikinta ke nan a ofishinsu na tantance labarai da ke Dhaka. Sunan dattijon Joynal, mai shiɓar auduga, ƙauye-ƙauye yake bi a wajen Rangpur yana gyara barguna. Buhun nan fa auduga ce a ciki, auduga kawai! Hoton ma dishi-dishi ne, ko maƙwabcinsa ba zai rantse shi ne ba.

Da ƙyar ta samu 'yarsa Moyna a waya, ta yi ta lallashi har ta turo mata hotonsa mai kyau, yana riƙe da bakan shiɓarsa. Saura a buga masa jan tambarinsu mai cewa ƘARYA a saki.

"Mokbul bhai, a shimfiɗa tambarin a kan fuskarsa," ta ce wa editansu, wanda take kira bhai, wato yaya.

"Haba Dilruba, wa zai tsaya kallon hoton da ba fuska? Sa shi a kusurwa, kusa da sunanmu. Haka muke yi kullum."

"Wannan fa da ran mutum a ciki."

"Ke dai kin cika surutu. Shayinki na hucewa."

Ta sa shi a kusurwa. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan daga baya, da hannunta ta sa.

Kafin la'asar wani mara tsoron Allah ya datse kusurwar, ya sake sakin hoton: ga ɓarawon nan, yau an samu fuskarsa tar. Dilruba ta dangwara wayar a gaban Mokbul har shayinsa ya fantsama.

"Ga fuskar da kake so, ana ta kallo!"

"To, to, mu fitar da gyara."

"Gyaran me? Mutum ɗari uku suka tura namu. Nasu ya haura dubu arba'in!"

Wayar ta yi ƙara a tsakaninsu. Moyna ce, mai kiranta apa, wato anti, ana jin ihun mutane a bayanta.

"Apa, kwana uku Abba yana ratsa kasuwa babu wanda ya gane shi. Yau sun biyo shi har gida, suna dukan ƙofa."

"Ku kulle, yanzu zan kira 'yan sanda..."

"Hoton nan a wayata kaɗai yake, apa. Ke kaɗai na ba."