Jar Tuta a Bayan Kaka

Ni ban taɓa iya zama ba. A makaranta benci ne ya kore ni. A shagon walda tsayuwa wuri ɗaya ce ta kore ni, a gidan burodi kuwa jiran ƙullu ya tashi. Kaka takan ce tun ina ciki na ci ƙafar kare. Saboda haka da wani mai tuƙa tirela, wanda muke kira Direba, ya ce yaron motarsa ya yi aure ya ajiye aiki, in ina so in zo ranar Asabar da jakata, ko albashi ban tambaya ba. Tirela ce mai tafiyar nesa, ta kwana a hanya, ta wayi gari a wani gari. Magana ɗaya ya yi mini.

"Da an gama lodi zan tashi. Ba na jiran kowa. Akwai masu roƙona wurin nan."

Asabar ɗin kuma ita ce ranar tattakin yaƙi da yunwa. Duk shekara unguwarmu kan fito ta taka daga harabar asibiti zuwa filin ƙwallo da ke bayan gari. Kowane mai tafiya yana da waɗanda suka yi masa alkawari: in ka kai filin da ƙafarka, za mu ba da kaza. Abin da aka tara shi ke riƙe gidan ciyarwa, wani dogon ɗaki mai rufin kwano inda ake dafa shinkafa da wake kullum da rana, kowa ya zo a zuba masa, ba a tambayarsa daga ina yake. Mun ci a can, ni da Kaka, shekarar da Baba ya rasu. Tun daga nan take zuwa wanke musu tukwane.

Dabarata mai sauƙi ce. In shiga sahun gaba, in kai filin kafin masu jawabi su gyara murya, in juyo da gudu zuwa garejin da ke kusa da babbar mararraba. Tafiya ai ita kaɗai ce sana'ar da ba a taɓa korata daga cikinta ba.

Sai Malama ta hango ni. Ita ce shugabar kwamitin tattakin, kuma ita ce ta koyar da mu lissafi kafin in tsallake katanga in daina zuwa.

"Yauwa, ga wanda nake nema. Zo nan."

Ta miƙo mini wata jar tuta ɗaure a doguwar gora.

"Kai ne wutsiya. Ka tsaya a bayan mutum na ƙarshe, kada ka wuce shi ko da taku ɗaya. Masu ba da hannu sun rufe hanyoyi, kuma ba za su buɗe wa motoci ba sai sun ga tutar nan ta wuce. In ka yi gaba da ita, ka bar mutane a bakin taya."

"Malama, ni fa gaba nake so. Akwai inda za ni."

"Kullum akwai inda za ka. Ka gudu daga ajina, yau dai ba ka da katangar tsallakewa."

Ta juya tana daka wa masu lasifika tsawa, ta bar ni da gora a hannu.

Aka busa usur. Jama'a suka zubo titi cikin fararen riguna iri ɗaya, 'yan makaranta a gaba da ganguna, ma'aikatan asibiti, teloli, masu gadi, mata da goyo. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon su suna wuce ni, ƙafata tana ta dukan ƙasa. Na ce a raina ko na ƙarshen nan gurgu ne zan tura shi. Da harabar ta yi fayau, sai ga mutum na ƙarshe ta fito daga inuwar bishiya, ta ɗora farar rigar tattaki a kan kayanta, tana dogara laima.

"Kaka! Me kike yi a nan?"

"Rawa na zo yi. Me ka ga ana yi?"

"Da wannan gwiwar?"

"Da ita. Ko ka taho mini da wata?"

Ashe mahaucin bakin kasuwa ne ya yi mata dariya a gaban mutane. Ya ce in ta kai filin da ƙafarta, shi zai riƙa ba gidan ciyarwa nama har ƙarshen wata. Ta sa ya maimaita a gaban shaidu. Ba ta gaya mini ba, don ta san zan ɓoye mata takalmi.

Muka kama hanya. Ban taɓa sanin mutum zai iya tafiya a hankali haka ba tare da ya tsaya ba. Ta ɗaga ƙafar dama, ta aika laima gaba, ta jawo ta hagu. Ni kuwa in yi taku ɗaya in jira. Na taka gefen kwata kamar mai tafiya kan igiya. Na tsallaka titi na dawo. Na yi tafiya da baya. Ƙarar ganguna ta yi ta raguwa har ta koma kamar bugun zuciya, daga baya ma ta ɓace.

"Ango," in ji ta, ba ta ko waiwayo ba, "wannan jakar da ka goya, ta tattaki ce ko ta ƙaura?"

"Ruwa ne a ciki."

"Ruwa mai hannun riga? Ga shi nan yana leƙowa."

Na tura hannun rigar ciki na ja zif.

"Na san za a rina," ta ce. "Shekaranjiya na ga ka wanke kayanka da kanka, na ce ko dai mutuwa ko tafiya."

Sai na gaya mata komai, tirelar, Direba, da maganar ba ya jira. Ban yi niyyar faɗa a titi ba. So na yi in bar saƙo wurin maƙwabciya, in kira da dare daga wani gari. Ta ci gaba da tafiya, laimar tana ƙwanƙwasa kwalta.

"Wannan ma kwana nawa za ka yi musu?"

"Wannan daban ne. Shi aikin ne ke tafiya, ni bin sa kawai zan yi."

"Allah ya sa."

"To ki ɗan ɗaga ƙafa mana, don Allah."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Sai dai a daɗe ba a je ba. Ki ƙarasa karin maganar, Kaka."

"Ka ji ɗan banza. Da ka ƙarasa makaranta kamar yadda kake ƙarasa magana, da yanzu kana ofis."

A kwanar farko mai ba da hannu ya tare motoci da wani dogon katako a kan durom biyu. Layi ya miƙe har inda ido ya ƙare. Da suka hango tutar sai hon ya tashi ko'ina. Ba wanda ya zagi Kaka. Ni suka zaga. Wani mai bas ya leƙo ya ce, "Samari, goya ta mana! Ƙaton banza!" Wata mata a bayan tasi ta ce jirgi zai tashi ya bar ta, kuma alhakinta a wuyana. Na sunkuyar da kai. Kaka ta ɗaga musu hannu kamar mai neman ƙuri'a.

Teburin ruwa na farko mun tarar an naɗe shi, sai robobi a ƙasa. Na saya mata ruwa a wani shago. Kafin ta sha rabi na zaga ta ban san sau nawa ba. Na kira wayar Malama, tana ta ringi ba a ɗauka. Na roƙi wani mai faci da ke zaune bakin hanya ya karɓi tutar, ya ce shi da ya ga za a yi tafiya ai da gangan ya zauna. Wani mai babur ya zo ya tsaya kusa da mu.

"Iya, hau in sauke ki kusa da filin. Kyauta. Wa zai sani?"

Na ce, "Kaka, hau. Ki sauka a bayan katanga ki shiga da ƙafa. Ai ba ƙarya kika yi ba, da ƙafa kika shiga."

Ta dube ni sama da ƙasa.

"Naman da za a ci da wayo, ba da tukunyar da nake wankewa ba. Yaro, Allah ya yi maka albarka, yi gaba."

Mai babur ya ɗaga kafaɗa ya tafi. Na bi shi da kallo har ya sha kwana, kamar ya tafi da rabin jikina.

Rana ta hau. Inuwarmu ta dawo ƙarƙashin ƙafa. Gumi ya jiƙa mata rigar, numfashinta ya fara fita da ƙara, amma ba ta zauna ba. Sau ɗaya ta dafa sandar fitilar titi, ta rufe ido. Na kama gwiwar hannunta, ta fizge.

"A bayana aka ce ka tsaya, ba a gefena ba."

Ni kuma ina ta saƙa da warwara. Na ga Direba ya ɗaure tampol. Na ga ya duba taya. Na ga wani ya hau kujerata ya miƙe ƙafa. Na ga kaina ranar Litinin a ƙofar gida, ina kallon kaji, maƙwabta suna cewa, "A'a, ba ka tafi ba?" Gorar ta yi mini nauyi, na sauya ta daga wannan kafaɗa zuwa waccan har fatar ta yi zafi.

Muka hango babbar mararraba. Nan ma an gitta katako a hanyar da ta ratsa tamu, motoci sun yi cirko-cirko a bayansa. Ta farko a layin, wadda hancinta ke kusan taɓa katakon, tirela ce mai koren kai, an ɗaure tampol tsaf, injin yana gurnani.

Direba ya leƙo ta taga, ya kare ido da hannu. Sai ya buga ƙofar da tafinsa.

"Kai! Kai ne? Tun ɗazu na gama lodi ina nan ina tsine wa mai tutar nan, ashe yarona ne ya tsare ni!"

Na matsa kusa, ban wuce Kaka ba. "Maigida, ka yi haƙuri. Saura kaɗan. In raka ta filin in dawo."

"In jira ka? Da wannan katakon ya ɗaga na tafi. Hawa za ka yi yanzu, ko ga mai hawa."

Ya nuna da haɓa. Wani dogo yana jingine da tayar gaba, da ledarsa a hannu, yana kallon sama kamar ba da shi ake ba.

Na juya ga mai ba da hannu. "Yallaɓai, in bar maka tutar mana. Kai ma ai ma'aikaci ne."

"Ni katako aka ba ni. Tuta ba ta kwanciya a ƙasa, ba ta kuma wuce na ƙarshe. Haka aka ce mini."

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Muddin ina tsaye a nan, tirelar ba ta da hanya. Da na tsallaka mararrabar da tutar nan, ni da hannuna na sallame ta. Na tsaya cak a tsakiyar titi. Hon ya cika kunnena. Ƙafata ɗaya tana son hagu, ɗaya tana son gaba.

Kaka ta juyo a hankali, ta dubi mai ba da hannu.

"Ɗana, wane ne na ƙarshe a tafiyar nan?"

"Ke ce, Iya."

"Akwai wani a bayana?"

"Sai shi."

"Shi ai ba tafiya yake ba, tsalle-tsalle yake. Ango, ba ni kayana."

Ta kama gorar. Ban saki ba.

"Kaka, ga hawa a gabanki. Ba kowa a hanyar. In kika faɗi fa?"

"In na faɗi tuta ta faɗi, sai mai ba da hannu na gaba ya ƙi buɗe hanya, gari ya tsaya har a zo a ɗauke ni. Ka taɓa ganin tsohuwa da irin wannan mulki?"

"Malama za ta ce na gudu."

"Yau ta fara faɗa? Sakar mini. Tun safe kake hura mini wuya kamar ɗan maraƙi, ka hana ni jin daɗin tafiyata."

Mai ba da hannu ya sosa ƙeya, ya ce shi dai ba a ce masa na ƙarshe ba zai iya riƙe ta ba. Direba ya danna hon mai tsawo. Dogon nan ya ɗaga bayansa daga tayar, ya ɗora hannu a marikin ƙofa.

Na saki gorar.

Ban san yadda na hau ba. Na dai ji ni a kan kujera mai zafi, jaka a cinya, ƙamshin man dizal ya cika mini hanci. Dogon ya tofar da yawu ya koma gefe. Daga can sama komai ya zama ƙarami. Kaka ta maƙale laimar a hammata, ta dogara gorar, ta fara ratsa mararrabar. Jan ƙyallen yana kaɗawa sama da kanta. Ta wuce ta gaban gilashinmu taku bayan taku, ba ta ɗago ba. Masu hon ma suka yi shiru.

"Kakarka ce?" in ji Direba.

"E."

"Hmm."

Ta kai ɗaya gefen. Titin da ke gabanta ya miƙe ya hau tudu, fari fat da rana, babu ko akuya. Mai ba da hannu ya ɗage katakon. Direba ya saka giya, motar ta girgiza ta fara mirginawa. Hannuna yana kan marikin, ƙofar ba ta gama rufuwa ba, ina ganin kwalta tana gudu ta ƙasan ta, tun tana tafiya a hankali yadda mutum zai iya dira.

"Rufe min ƙofa da kyau," ya ce. "Ba na son ƙara."

Na ja ta, ta rufu. Na leƙa madubin gefe. Ja-jan yana nan a gindin tudun, ya ɗan yi sama kaɗan, ko kuwa idona ne. Wata bas ta shiga tsakaninmu.

"Ka kuma daina kaɗa wannan ƙafar. Tafiyar da nisa."

Na danne gwiwar da hannu biyu. Ba ta daina ba.