Rumfa Daidai Tsayin Garma

Ranar da Baba ya jawo garmarsa daga ƙarƙashin gado, ya zauna a bakin ƙofa yana goge mata tsatsa da dutse, na san in ban yi wani abu ba kafin ruwan farko ya sauka, na rasa shi ke nan.

Shekara biyu ke nan da na ɗauko shi daga ƙauyenmu zuwa gidana a Kuru, bayan 'yan bindiga sun harbe ƙanena Rwang a gonar dankali da rana tsaka. Tun daga lokacin, duk wanda ya koma noma a wancan kwari da ransa a hannu yake zuwa. Baba ya san haka sarai. Amma Da Chollom, kamar yadda kowa ke kiransa, bai taɓa wayar gari babu gona a gabansa ba sai a gidana. Zaman ya cinye shi. In na dafa gwaten acca, cokali biyu zai yi ya ture kwanon, wandonsa kuwa har sai da na ƙara wa bel ɗin huda.

Bara na ba shi filin bayan gida, tsakanin bango da shingen kyarana. Ya shuka tumatir da tattasai, ya ɗan farfaɗo, har ya koma yi mini faɗa, abin da na yi ta gode wa Allah a kai. Sai ƙanƙara ta sauka a watan Mayu, cikin minti goma ta tsefe komai. Ɗan abin da ya tsira kuma ciwon damina ya bi ya baƙanta ganyen. Ya tattara ya ƙone, bai sake leƙa wurin ba.

"Garos," ya ce da ni ranar da yake wasa garmar, ko ɗagowa bai yi ba, "ruwa na sauka zan tafi gida."

"Wane gida, Baba? Nan daji ne?"

"Nan gidanki ne."

"To ka tafi su kashe ka, in ya so in huta da dafa abincin da ba a ci!"

Haka bakina yake, ni ma ba ya burge ni. Na shige ɗaki na yi kukana. Tsoro nake ji, domin hadari ya riga ya fara taruwa da yamma ta gabas.

A hanyar makarantar da nake koyarwa kullum ina wuce rumfunan leda na masu noman tattasai. Ƙanƙara ba ta taɓa abin da ke ciki, ruwa ba ya dukansa, rani da damina ana cikin aiki. Na ce a raina, in aka kafa ƙarama a bayan gidana, Baba zai sami abin da zai riƙe shi shekara ta zagayo. Kuɗin da na ajiye don rufin ɗakin baya na kwasa, na je Bukuru wajen wani mai suna Dalyop da ke kafa wa mutane su. Tsohon ma'aikacin banki ne, kuma har yau bakinsa na banki ne. Na gaya masa komai, har zancen Rwang.

"'Yar'uwa, ki kawo shi kawai," in ji shi. "Tsofaffi nawa na shawo kansu? Ki bar ni da shi."

Ban ce wa Baba dominsa ne ba. Cewa na yi, "Zan sayi rumfar leda, ka zo ka taya ni zaɓe kada a cuce ni." A wajensa duk mutumin gari macuci ne sai an gwada, don haka nan da nan ya sa hula. Sai na ga ya saɓa garma.

"Baba, kasuwa za mu, ba gayya ba."

"Da me zan auna?"

"Suna da tef."

"Tef ne zai yi noman?"

Haka muka shiga Keke Napep, ƙotar garma ta leƙo waje, direba yana ta roƙon kada a tsone wa mai babur ido.

Dalyop ya tarbe mu har da rusunawa, yana Da Chollom kaza, Da Chollom kaza. Ya fara kai mu wata da aka yi da raga zalla. Baba ya tsaya daga waje ya dube ta sama da ƙasa.

"Wannan ai gidan sauro ne. Tumatirin zazzaɓi yake yi?"

Dalyop ya ce, "Ƙwari take tarewa, Baba. Sai dai ruwa na shiga, shi ne ke kawo ciwon ganye."

"Oho. Ruwan sama ma yanzu ciwo ne."

Na yi maza na ce mu wuce, don ciwon ganyen nan shi ya ƙarasa mu bara. Ta gaba doguwa ce amma rufinta ƙasa-ƙasa, an lanƙwasa bututu an ja leda a kai, sabuwa fil, ba a shuka komai a ciki ba. Ita ce daidai aljihuna, tun zuwan farko na sa mata ido. A bakin ƙofa akwai faranti da ruwan magani, Dalyop ya ce sai an tsoma takalmi kafin a shiga.

"Gona ce ko ɗakin haihuwa?" in ji Baba. Amma ya tsoma.

Ya shiga yana duƙar da kai, ya je tsakiya, ya buɗe ƙafafu kamar yadda ake yi in za a ja kunya. Kafin in gane abin da yake shirin yi ya ɗaga garma sama. Sai ji muka yi ɓarr! Bakin garma ya fasa leda ya leƙa waje, ya tsarga ta kusan kamu biyu.

"Wayyo ledata!" Dalyop ya dafe kai. "Baba, daga ƙasar waje ake kawo ta fa!"

"To a mayar musu, ta yi gajarta."

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai, ni zan gyara," na ce, kamar in nutse don kunya. Baba kuwa bakin garmarsa yake dubawa, ko ledar ta yi masa illa.

Da wani ne da nan ya kore mu. Dalyop ya haɗiye fushinsa, ya dube ni, ya ga halin da nake ciki, ya ce mu zo ga babbar. Wannan ta ƙarfe ce, mai tsayi, da taga a can ƙololuwa inda zafi ke fita. Ta fi ƙarfina nesa ba kusa ba. Amma da Baba ya shiga ya miƙe sosai ba tare da ya duƙa ba, sai na ji ko zoben aurena zan sayar in dai zai ce ta yi.

Ya ɗaga garma. Dalyop ya runtse ido. Ba ta taɓa komai ba. Ya sake ɗagawa har sau uku, ya gyaɗa kai. Ya je ya girgiza ƙarfen gefe, ya tambayi zurfin da ake binne shi.

"Kada ƙofa ta kalli gabas," ya ce, "daga can iskar hadari take zuwa. In ta shiga ciki, a Vom za ku tsinci rumfar."

"Gaskiyarka, Baba! Ka ga masu ilimin abin," in ji Dalyop.

"Kuma a ja ta nesa da kyarana, saiwarta tana shan ƙasa."

A ja ta. Yana maganar bayan gidana ne. Murna ta kama ni, na juya ina gyara ɗankwali kada ya ga idona.

Sai ya sunkuya zai sari ƙasa ya ga irinta. Dalyop ya yi wuf ya riƙe ƙotar.

"A'a, Baba, kada ka sara! Tiyo ne a shimfiɗe."

Sai a lokacin Baba ya dubi ƙasa da kyau. An rufe ta da baƙar shimfiɗa daga bango zuwa bango. Can ciki tattasai ne jere a cikin buhunan leda, kowanne da siririn tiyo a gindinsa yana ɗiga masa ruwa.

"Ina ƙasar?"

"Tana cikin buhu. Dafa ta muke yi a ganga, mu kashe ciwon da ke ciki."

"Ku dafa ƙasa."

"Ƙwarai. Ba kunya, ba huɗa, ba ciyawa, ba jiran ruwa. Ka murɗa famfo ka koma kujera." Dalyop ya washe baki, ya kawo maganar da na tabbata da ita yake sayar wa kowa. "Baba, daga ranar da aka kafa maka wannan, kai da garma har abada. Ka rataye ta a bango jikoki su riƙa kallo."

Na yi ta ƙifta masa ido, ina! Ya ɗauka yabo nake yi. Mutumin da ya shigo Keke da garma, ya auna rufi da ita, shi za ka yi wa albishir da rataye ta? Na ji kamar in cusa masa buhun tattasai a baki.

Baba bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sauke garmar a hankali, ya dube ni.

"Aka kafa mini, ya ce. Ba ke ce mai saye ba?"

Na kawar da kai.

"Zo," ya ce. Ya fita, muka bi shi, ya koma gajeriyar da ya yaga. Ya sa na tsoma takalmi na shiga. "Tsaya nan. Ɗaga hannunki."

Akwai waya da aka ja a sama, wadda ake ɗaure igiyar tumatir. Na ɗaga hannu, yatsuna suka kama ta.

"Ya kai ba tare da kin yi ɗage ba?"

"Ya kai."

"To wannan za a kai miki. Waccan sai kin taka kujera, ga bayanki ba lafiya ba."

"Baba, kai fa? Kanka yana taɓa rufi."

"Ni ina ruwana da rufinta?"

Nan na gane ya gama zaɓe, kuma ba kansa ya zaɓa wa ba. Na durƙusa a kan ƙasar mutane, a gaban baƙo, na kama gefen wandonsa.

"Don Allah, Baba. Babbar zan saya. Ba buhu, ba shimfiɗa, ƙasa zalla. Ka ja kunya yadda kake so. Yallaɓai, ana yi, ko ba a yi?"

"Ana yi mana," in ji Dalyop, muryarsa ta sauka. Sai yanzu ya gane ɓarnar da ya yi. "Wasu a ƙasa suke shukawa. Wallahi ana yi, Baba."

"Kunya nawa za ta ci?"

"Kamar shida."

"Shida," Baba ya maimaita. "Kafin rana ta yi zafi na gama. Sauran shekarar in yi me, in zauna ina kallon famfo?" Ya dafa kaina. "Tashi, Garos, kina ba ni kunya. Ba tattasai nake nema ba. Gonar da ɗana ya faɗi a ciki damina biyu ke nan ba a taɓa ta ba. In ta yi uku, ko ni ba zan gane iyakarta ba. Kabarinsa da na uwarku ciyawa ta rufe."

"In suka zo fa?"

"Su same ni a tsaye."

"Ni kuma fa? Ni ba 'yarka ba ce? Sai wanda ya mutu ne naka?"

Baba ya juya. Ya ce da Dalyop ya yi haƙuri da ledar, ya saɓa garma ya nufi titi.

Babbar na saya. Taurin kai ba a wajen baƙo na koyo shi ba. Aka kafa ta ranar Litinin, Baba da kansa ya tsaya a kan ma'aikata har aka juya ƙofar yamma. Laraba da la'asar ruwa ya sauka. Alhamis da safe Baba ya shiga motar kasuwa mai zuwa ƙauye. Na tsaya a gaban ƙofar motar ina ta masifa har direba ya ce, "Madam, ko ki shiga ko ki matsa." Na matsa.

Wayarsa ba ta shiga a kwarin sai an hau dutse. Maƙwabcinmu na can, Da Gyang, shi ne mai babbar waya, shi nake kira kowace yamma in ji ko an dawo daga gona lafiya. In ta yi ƙara uku bai ɗauka ba, sai in katse in sake kira.

Ranar Asabar na ari garma na shiga rumfar na ja kunya shida. Da gangan na ɓata su. Wata ta karkace, wata ta yi ciki, ta ƙarshen ma ta hau kan 'yar'uwarta. Na ɗauki hoto na tura wa Da Gyang, na ce ya nuna wa Baba, ya gaya masa iri na nan zai lalace in ba a zo an gyara ba. Baba mutum ne da in ya hangi karkatacciyar kunya a gonar wani daga mota, sai ya sa an tsaya. Muna yara ya sha sa mu rushe aikin yini guda saboda taku ɗaya, kuma ban taɓa jin ya yaba kunyar kowa ba, har ta Rwang. Na gyara masa gado, na jiƙa acca.

Da yamma Da Gyang ya kira.

"Na nuna masa, 'yata. Ya daɗe yana kallo."

"Me ya ce? Yaushe zai zo?"

"Ya ce a gaya miki sun yi kyau. Ki shuka abinki."